Ranar da Aka Auna Hankalin Yayana da Turanci

Shugabar wannan taro, Señora Ofelia Montemayor. Mai girma kansilan gundumarmu, Señor Baldemar Longoria, wanda yau Allah ya nufa muka gani ido da ido, bayan mun daɗe muna gaisawa da hotonsa a jikin turakun lantarki. Fada Gerardo, mai wannan zaure da kujerun da muke zaune a kai. Lauya Maricruz Solís da abokan aikinta. 'Yan jarida, waɗanda na san za su tashi da zarar an yanke ƙyallen buɗe ofis. Dattawan unguwar Las Palomas maza da mata, masu sanda da masu keke, masu jina da masu gyaɗa kai kawai. Jama'a baki ɗaya, barkanmu da hantsi, barkanmu da ganin wannan rana.

Godiya ta tabbata ga Ubangiji da ya tashe mu lafiya, ko da yake ga yawancinmu tashin ya ɗauki lokaci. Ina gode wa matan da suka yi tsaye a kan tukunyar tamales, alalar masararmu, tun asuba. Ina gode wa kansila da ya zo mana da almakashi mafi girma da na taɓa gani a rayuwata. Ina kuma gode wa kwamiti da ya ba ni, ni Herlinda Cavazos, wadda ta ƙare ƙuruciyarta tana tsinke albasa da jera lemo a kwali, damar yin magana a ranar da ake buɗe ofishin lauyoyi na kyauta domin tsofaffi da marasa ƙarfi. An ce in bayyana amfanin ofishin. Ni ban karanci shari'a ba. Abin da na sani shi ne abin da ya sami yayana Anselmo, ga shi can a layin gaba da farar malafa. Ya ba ni izinin in faɗi komai, ban da shekarunsa.

Magana ta farko, jama'a, ita ce inda muke kai kukanmu.

Kun san gidan Yaya Anselmo. Ya sayi filin lokacin da unguwar nan ba ruwa, ba wuta, ba titi, sai ƙaya da macizai. Shi da marigayiya matarsa Amparo suka ɗora bulo a kan bulo, damina bayan damina, da abin da suka samo a gonakin mutane. Ɗansu guda, Rigoberto, ya girma ya tafi Houston, kuma yaro ne mai zumunci, domin duk Kirsimeti sai ya buga waya.

Sai bara aka ce sabon babban titi zai ratsa bayan unguwarmu, kamfanoni suka fara tambayar filaye. Jama'a, ban taɓa ganin abin da ke farfaɗo da ƙaunar iyaye kamar kwalta ba. Rigoberto ya fara zuwa duk mako, da ayaba, da tuffa, da fuskar damuwa. "Baba, ka rame. Baba, anya ba ka bar murhu a kunne ba? Baba, ka tuna sunana kuwa?" Yaya ya ce masa, "Ni na raɗa maka shi, yaro."

Wata safiya Rigoberto ya ɗauke shi a mota, wai za a duba masa hawan jini. Likitan matashi ne, baƙo daga arewacin ƙasar nan, ba ya jin ko gaisuwa a harshenmu na Sifaniyanci. Rigoberto kuwa, da aka shiga ɗaki, sai wata muhimmiyar waya ta fitar da shi waje. Aka bar tsoho da likita.

To, yayana ya yi aiki a ƙarƙashin masu gona tun yana ɗan saurayi, kuma Turancin da ya ciyar da iyalinsa da shi bai wuce guda ba: yes sa. Likita ya tambaye shi yau wace rana ce. Yes sa. Ya tambaye shi ina muke yanzu. Yes sa. Ya tambaye shi ko yana ganin mutanen da wasu ba sa gani. Yes sa, har da murmushi. Daga nan likita ya miƙa masa takarda da biro, yana nuna agogon da ke hannun Yaya, wato ya zana agogo. Yaya ya dubi yaron, ya tausaya masa, ya kwance agogon ya ba shi.

Ba a daɗe ba sai ga sammaci daga kotu. Likita ya rubuta cewa tsohon ya ruɗe, Rigoberto kuma yana roƙon alƙali ya naɗa shi mai kula da mahaifinsa, da jikinsa, da gidansa. An ma riga an zaɓar masa gado a gidan tsofaffi, can bayan gari.

Ina Yaya ya nufa? Inda dukanmu muke nufa. Mu al'umma ce da Allah ya wadata da lauyoyi: akwai su a shagon aski, akwai su a layin karɓar magani, akwai su a bakin coci bayan sujada. Wanzami ya ce masa, "Kada ka je. In ba ka je kotu ba, da wa za su yi shari'ar?" Maƙwabciyarsa ta ce ya ƙetare kogin iyaka ya koma ƙasar iyayenmu, ya zauna wurin dangi har magana ta lafa, da sharaɗin ita za ta riƙe makullin gida. Daga ƙarshe ya tafi wurin Señor Próspero, mai shagon nan da ke sayar da tikitin bas, yana aika kaya, yana kuma kiran kansa notario.

Dattawa, ku saurare ni a nan. A ƙasar iyayenmu, notario babban masanin shari'a ne. A Texas, aikinsa ya kalle ka kana sa hannu, ya ce ya gani. Amma bangon Señor Próspero cike yake da takardun shaida a cikin gilashi, kuma wa zai yi gardama da gilashi? Ranar da na bi Yaya can, na sa tabarau na matsa kusa. Ta farkon akwai hoton na'urar sanyaya ɗaki a jikinta. Ta biyun ta gasar rawa ce, kuma ko a can na biyu ya zo. Ya rubuta wa Yaya takarda, ya buga jan hatimi, ya buga shuɗi, ya karɓi ladansa, ya ce, "Ka nuna wa alƙali wannan, za ka ga yadda jikinsa zai yi sanyi."

Magana ta biyu, girman kanmu.

A lokacin, waɗannan lauyoyi ba su da ofis. Jefi-jefi suke zuwa su kafa teburi a ƙuryar zauren nan. Na ce, "Yaya, lauyoyin kyauta za su zo coci ranar Laraba."

Ya ce, "Na me?"

Na ce, "Na kyauta."

Ya ce, "Herlinda, tun da na buɗe ido a ƙasar nan, abin da aka taɓa ba ni kyauta rana ce da ciwon baya. Lauyan da ba a biya, ko dai bai ci jarrabawa ba, ko gwamnati ta aiko shi ya rubuta sunayenmu. Ni ba mabaraci ba ne. Ina da takarda mai hatimi biyu."

Kun yi dariya, amma ku dubi na kusa da ku. Mun gwammace a cuce mu da tsada da a taimake mu kyauta. In an karɓe mana kuɗi, mun ga gwani; in an ƙi karɓa, mun ga maƙiyi. Muna jin kunyar a ga mun shiga ɗakin lauya, ba ma jin kunyar a ga an fitar da katifarmu titi.

Da na ga ba zai motsa ba, ranar Laraba na ce masa Fada na raba kofi da burodi mai zaƙi. Nan take ya ɗauki malafa. Ashe ba kowace kyauta ce ke taɓa mutuncinsa ba.

Muka zauna gaban Lauya Solís. Yaya ya dube ta, ya dubi takalmin gudun da ke ƙafarta, ya ce, "'Yata, je ki kira mana lauyan."

Ta ce, "Ni ce, Baba."

Ya ce, "To, kira babbanku."

Ta ce, "Yau dai ni ce babbar. Ba ni labari tun daga farko, ba na sauri."

Ya ba ta. Ta saurara, ba ta katse shi ba, ba ta dubi waya ba. Da ya kai kan agogo, ta rufe baki da hannu, ta yi ta tari. Sa'annan ta gaya masa abin da ba wanda ya gaya masa: cewa in ya ƙi zuwa kotu, ana iya yanke hukunci ba da shi ba, cewa yana da haƙƙin ya tsaya gaban alƙali ya yi magana da bakinsa, cewa yana da haƙƙin a kawo tafinta, cewa za ta nemi wani likita mai jin harshenmu ya sake duba shi. Duk ta yi, ba ta karɓi ko sisi ba. Yaya ya kai mata buhun lemo, ta rarraba wa masu jira a layi, ya yi fushi da ita har kwana biyu.

Ranar shari'a, alƙali ya tambaya ta bakin tafinta, "Señor Cavazos, ka san abin da ya kawo ka nan?"

Yaya ya miƙe, ya cire malafa, ya ce, "Ranka ya daɗe, na sani. Titi ne ya kawo ni. Da ya bi ta wata unguwa, da har yanzu hankalina ƙalau yake."

Jama'a, mutumin da aka rubuta cewa ba ya iya haɗa jimla, ranar nan sai da tafinta ta nemi ruwan sha. Ya ba da labarin gidan, ya ba da labarin Amparo, ya ba da labarin maƙwabcin da awakinsa ke cinye masa barkono, ya roƙi kotu ta duba wannan ma tun da an riga an taru. Alƙali ya tambaye shi me ya sa ya ba likita agogonsa. Ya ce, "Na ga yana ta nuna shi. Na ce yaro ne, bai daɗe da fara aiki ba, wataƙila bai sayi nasa ba tukuna." Kafin a tashi, ya nace sai alƙali ya ga takardar Señor Próspero. Alƙali ya juya ta gaba, ya juya ta baya, ya mayar masa, ya ce hatiman sun fito da kyau. Sa'annan ya yi watsi da roƙon Rigoberto.

Muka fito baranda, sai ga Rigoberto jingine da bango, kansa a ƙasa. Ni na shirya masa magana tun daga gida. Yaya ya riƙe hannuna. Ya matsa kusa da ɗansa, ya gyara masa wuyan riga, ya ce, "Ɗana, ranar Lahadi akwai miyar tumbi. Ka zo. Amma ka zo da yunwa, kada ka zo da likita."

Har yau bai zo ba. Duk Lahadi Yaya na ajiye kwano biyu a kan teburi. Wannan kam ba lauyan da zai iya gyara shi. Amma teburin nasa ne, a gidansa yake, kuma shi ke yanke shawarar wanda zai jira.

Magana ta uku, kuma ta ƙarshe, taku ce, manya masu zaune a sama.

Yayana ya tsira ne domin yana da ƙanwa mai taurin kai. Doña Petra Villarreal, wadda ta yi wa rabin matan zauren nan ɗinkin aure, ba ta da ƙanwa. Shekarar da ta wuce ta bi ta wannan hanya: tambayoyi da Turanci, kotun da ba ta je ba, mota a ƙofar gida. Yanzu tana gidan tsofaffi, an sayar da kekenta na ɗinki, gidanta kuma an kafa masa allon sayarwa. Na je na gan ta. Ta gane ni tun daga nesa, ta tambaye ni jikokina ɗaya bayan ɗaya, ta ce min rigar da na sa an karkata mata hannu. Kafin in fito ta riƙe ni ta ce, "Herlinda, har yanzu ba wanda ya tambaye ni komai da harshen da nake ji."

Lauya Solís ta yarda ta ɗauki maganarta. Ranar Litinin za ta je ta gan ta, kuma mu mata da dama muna so mu bi ta, mu shaida cewa Petra tana cikin hankalinta. Bas ba ya zuwa can. Señor kansila, na ga motar da ta kawo ka, doguwa ce, tana da kujeru da yawa, an ce kuma akwai sanyi a ciki. Tun da 'yan jarida ba su tashi ba tukuna, ina tambayarka a gabansu: ƙarfe nawa za mu jira ka? Ka ce tara? Jama'a kun ji, ya ce tara. 'Yan jarida, ku rubuta.

Ku kuma 'yan'uwana tsofaffi, ƙofar can ta hannun dama, daga yau taku ce. In an kawo muku takarda, kada ku sa hannu sai an karanta muku ita da harshenku. In mai gida ya ce ku tashi, ku zo. In an tsayar muku da fansho, ku zo. In wanda ya cuce ku jininku ne, nan ma ku zo, domin a ɗakin can ba a yi wa kowa dariya, kuma abin da kuka faɗa ba ya fita.

Ubangiji ya albarkaci wannan ofis da masu aiki a cikinsa, ya ƙara musu haƙuri da dogon labarinmu. Ya ba alƙalanmu kunnen sauraro, ya ba shugabanninmu ikon tuna abin da suka faɗa a gaban jama'a. Ya shirya mana 'ya'yanmu, na kusa da na nesa, ya sa su so mu muna raye. Ya fitar da Petra daga inda take, ya ba kowane tsoho a wannan yanki ikon rufe ƙofarsa da hannunsa, ya buɗe ta ga wanda ya ga dama. Ya mayar da kowa gidansa lafiya. Amin.

Na gode.