An Ɗage

Safiyatu: Salamu alaikum. Hello? Gimba?

Gimba: Wa alaikumus salam, Yaya Safiyatu. Ina wuni?

Safiyatu: Lafiya lau. Ya aiki, ya sanyin Birmingham?

Gimba: Alhamdu lillahi. Ya maigidan? Ya su Zayd?

Safiyatu: Duk lafiya. Zayd yana jami'a, sai ya ga dama yake ɗaga waya. Ya uwargida Marwa da 'yarka Inaya? Ya ƙafar Umma?

Gimba: Da sauƙi. Likitanta, GP, ya canza mata magani.

Safiyatu: Wa ya canza mata gida?

Gimba: Magani, Yaya! Magani!

Safiyatu: Oho. Ina cikin bas ne a Stockport Road, ga cajina saura kaɗan. Kai kuma wannan ƙarar fa?

Gimba: Inji muke gwadawa. Bari in fita waje. Yauwa, kina ji na?

Safiyatu: Ras. To barka na kira in yi maka! Na ga saƙonka a group ɗin gida, wai an ɗage. Wallahi har sai da na yi guɗa a kicin. Zuwa yaushe suka ɗage? Baɗi?

Gimba: Baɗi kuma? Yaya, me kika fahimta?

Safiyatu: Ba yau ne hukuma za ta zauna a kan dokar filin jirginku ba? Ka rubuta "an ɗage", ka yi shiru. An ɗage zaman ke nan, ka samu sararin numfashi.

Gimba: Inna lillahi. Ba zaman aka ɗage ba. Dokar aka ɗage. An cire ta gaba ɗaya.

Safiyatu: Kai! Gimba, kalma biyu ka rubuta kamar ana sayar maka da haruffa! Ni na riga na kira Umma na ce mata ba za ku ƙaura zuwa garin Aberdeen ba. Yanzu haka tana can ta sa Marwa jiƙa shinkafar waina, za ta yi sadaka.

Gimba: Ashe shi ya sa ta kira ni sau uku.

Safiyatu: Tsaya. Sake yi min bayanin dokar nan, don ni tun farko sama-sama na gane ta.

Gimba: Kin san ƙaramin filin da nake aiki a bayan gari. Shekara da shekaru, jirgin da ya tashi daga nan ba shi da ikon wuce mil dubu. Shi ya sa manyan kamfanoni ba su kula mu ba, suka bar mana wurin, mu masu ƙananan jirage masu farfela. Yanzu da aka cire iyakar, babban jirgi zai iya tashi daga nan har Dubai.

Safiyatu: To ai ci gaba ne.

Gimba: Ci gaba ne ga mai babban jirgi. Titin tashi ɗaya ne, Yaya. Kowane jirgi da lokacinsa, shi muke cewa slot. In manya suka zo za su kwashe na safe da na yamma, su bar mana tsakar rana lokacin da ba fasinja. Kamfaninmu jirage shida ne kacal. In ya rufe, wa zai nemi makanikensa?

Safiyatu: Shi ya sa ka nemi aikin Aberdeen ɗin.

Gimba: Kuma sun ba ni. Yau ƙarfe biyar ne ƙarshen lokacin ba su amsa.

Safiyatu: Yau? Gimba, huɗu fa ta wuce! Umma ba za ta iya wancan sanyin ba, ka sani. Shekara goma sha ɗaya tana unguwarku ta Erdington, nan masallacinta yake, nan ƙawayenta suke. Inaya kuma ga jarrabawar GCSE a gabanta. Ni flat ɗina a unguwar Levenshulme bene ne, da na ce ka bar min Umma, amma da wace ƙafa za ta hau?

Gimba: Ki bari in ƙarasa mana. Da rana manajarmu Chloe ta tara mu...

Safiyatu: Ta kore ku?

Gimba: Ta tara mu! Taro! Ta ce wani babban kamfani ya riga ya tuntuɓe su. Jirginsu yana cin mutum ɗari uku, kuma mutanen unguwar nan kaɗai ba za su cika shi kullum ba. Suna neman mai kwaso musu fasinjoji daga ƙananan garuruwa da tsibirai, ya sauke su a bakin ƙofa. Wa ya san waɗannan hanyoyin in ba mu ba?

Safiyatu: Kamar ƙananan motocin ƙauye da ke cika wa babbar mota a tasha.

Gimba: Yauwa! Kin ga kin gane. In abin ya tabbata, sai sun ƙaro jirage biyu, kuma dole su bar mana slot na safe, don in ba mu sauka ba su ma ba za su cika ba.

Safiyatu: An sa hannu?

Gimba: Ba a sa ba.

Safiyatu: Ka ji. To in suka fasa fa?

Gimba: Suna iya fasawa. Wani abokin aikina, Jabez, ya ce shi bai yarda ba, gobe zai fara neman wani wuri. Ban ga laifinsa ba. Amma ni na ga Chloe ta fito da takardar neman sababbin makanikai biyu. Wanda zai rufe shago ba ya ɗaukar ma'aikata. Kuma jiragen nan shida, Yaya, ko a barci na ji ƙararsu na san wanne ne ke tari.

Safiyatu: Allah Sarki. Muryarka dai ta fi ta makon jiya daɗi. Wa ya sani, wata rana mu hau jirgi daga kusa da gidanka har Kano.

Gimba: Da sauran tafiya kafin nan, amma ba abin mamaki ba ne.

Safiyatu: Cajin wayata ya koma ja, yi sauri. Tafiyar Aberdeen fa? Me ka ce musu?

Gimba: Na ɗage.

Safiyatu: Gimba! Kar ka sake yi min wannan kalmar! Wace irin ɗagewa? Ta zama ko ta doka?

Gimba: Ta doka, Yaya. Tun ƙarfe uku na rubuta musu na gode, ba na zuwa. Muna nan Erdington.

Safiyatu: Alhamdu lillahi! Kai, har hawaye ka sa ni a cikin bas, mutane suna kallona. Ashe ban yi wa Umma ƙarya ba.

Gimba: Ba ki yi ba, kin dai riga ni ne.

Safiyatu: To maza ka kira ta, ka ce kar a sauke tandar nan. Ranar Asabar ina hanya, a ajiye min waina goma da miyar tau...

Gimba: Hello? Yaya? Yaya Safiyatu?