Rigar Baba Mainasara

Assalamu alaikum. Wakilin ofishin jakadanci, Alhaji Atiku. Limaminmu Malam Hadi. 'Yan uwa ɗalibai da 'yan kasuwa. Inna Fatu, matar mamaci. Allah Ya ba mu haƙuri.

An ce in yi magana a sadakar bakwai ta Baba Mainasara. Wanda ya zaɓe ni ya san bakina, don haka ku yi haƙuri da ni, ma'alish.

Ya kasance mafarauci tun daga Dogon Dutsi. Hanyar Makka ce ta ajiye shi Alƙahira, ya yi shekara goma sha ɗaya a nan Arba wa Nus yana horon karnuka. Ya kasance wanda wani Bature a Zamalek ya kawo wa kwikwiyo huɗu, wai a ƙasarsu za su farauci beyar, dabbar da Misirawa ke kira dubb. Baba bai taɓa ganinta ba. Ya tafi gidan dabbobi ya tsaya gaban kejinta yini guda, ya dawo ya ce, "Wannan ba ta cizo ba ce, ta tsarewa ce." Ya koya musu su kewaye ta da haushi, kada su matsa, har mai bindiga ya iso. Baturen ya rubuto cewa duk huɗun sun koma gida da rai.

Ya kasance mai raka baƙonmu Wustul Balad, tsakiyar birni, neman iƙama, takardar izinin zama. Ya kasance mai haƙa kabarinmu. Mu kuwa me muka kasance? In ya miƙo hannu sai mu dafa ƙirji, wai hannun ya taɓa kare. In ya sa hannu a akushi sai mu ce mun ƙoshi. Ni ban zauna gaban malami ba, a tsofaffin littattafan bakin titi na koyi karatu, amma a ciki na ga an halatta karen farauta. Na gani, kuma ni ma ƙirjin na dafa. Ya yi dariya ya ce, "Sada, kai ma?"

Yanzu ga abin da ya rage. Karyarsa tsohuwa, Duna, tana kwance a ƙofar ɗaki. Saboda gubar da ake zuba wa karnukan titi, ya hore ta kada ta ci komai sai daga hannun da ya riƙe ya kai mata hanci. Ya sha cewa, "Ku kawo hannu ta san ku." Ba wanda ya kawo. Ko Inna, ɗaki take shigewa. Kwana bakwai ke nan, ruwa kawai take lasa.

Inna Fatu, na ji gobe za a wanke tufafinsa a rabar sadaka, kamar yadda aka saba. Don Allah, ki cire shuɗiyar rigar nan da yake fita horo da ita. Kada ta taɓa ruwa, ƙanshin jikinsa na nan a cikinta. Ki ba ni in sa, in ɗauki nama in durƙusa gaban Duna. Ko ta ci, ko ta ƙi, ban sani ba. Wanda zai daina gaisawa da ni bayan nan, khalas, shi ke nan, ya fara yau.

Na gode da kuka saurara. Allah Ya jiƙan Baba Mainasara, Ya haskaka kabarinsa. Hannun da muka ƙi karɓa, ya Allah, Ka karɓa. Amin.