Ƙafafun Gadon Tik

A rumfar wani kafinta a Jimeta, wata dattijuwa ta sa an sauke gado daga a-kori-kura.

"Ɗana, ƙafafun nake so ka rage wa tsawo."

"Mama, wannan fa katakon tik ne, mai ƙarko da tsada. Ko gara ta kasa cinsa, ni ne zan sa masa zarto? Ki bar shi, in yi miki wani gajere."

"Maigidana ne ba ya iya hawa, tun da ɓarin jikinsa ya shanye."

"To, a shimfiɗa masa katifa a ƙasa mana."

"Na shimfiɗa, ya ƙi barci. Wai shi ba baƙo ba ne a gidansa. A kan gadon nan muka tsufa."

"Allah ya ba Baba lafiya. Zan yanke, amma guntayen zan ɗaure miki su a leda. Ranar da ya miƙe, ki kawo in mayar."

"Likita ya ce ba zai miƙe ba."

"Na ji, Mama. Ki dai ajiye su inda zai riƙa ganinsu."

Ta daɗe tana shafa kan gadon.

"To, ka yanka a hankali, yadda za su koma."