Tarin da Ya Mutu da Shi Sau Biyu

A ɗakin jira na asibiti, saura mutum ɗaya likita ya gani ya tashi, kuma katin shiga na ƙarshen yana hannun wata dattijuwa. Jarumin nan da ya fito a manyan shirye-shiryen talabijin har huɗu ya matso kusa da ita yana tari.

"Mama, ki taimaka ki bar ni in shiga. Kwana tara ke nan ƙirjina ya hana ni sakat."

Ta ƙare masa kallo. "Ba kai ne attajirin da ya mutu a shirin Laraba ba?"

"Ni ne."

"Ai da wannan tarin ka mutu, har dafe ƙirjin iri ɗaya. A shirin lauyoyin nan ma da shi ka tafi. Na sha kuka, jikoki suna yi mini dariya."

"Wancan aiki ne, Mama. Wannan ciwo ne."

"Haka ka ce wa matarka a shiri na uku, ashe gidanta za ka sayar. Ina kuka ɓoye kyamarar? Bayan fankar can?"

"Wallahi babu kyamara."

"Rantsuwar ma na san ta."

Shekara goma sha biyar ya yi yana koyon yadda zai sa mutane su yarda da shi, ga inda ta kai shi. Ya buɗe hankicinsa ya nuna mata jinin da ya tofar a ciki.

Aka kira lambarta. Ta miƙe, ta gyara tabarau, ta duba hankicin da kyau.

"Kai, yau ba ku yi ƙoƙari ba, ɗan nan. Na Laraba ya fi wannan ja."