Turmin da Ba a Yi Ba a Inugu

Kuɗin motata na zuwa Fatakwal daga keke suka fito. Kekena na sayar, wanda birkinsa ƙafa ce, na haɗa da fatun awaki da Baba ya ce in kwasa tunda ba wanda ya taya. Kai Nura, ajiye wayar nan. Wannan wasan dukan da kake latsawa shi ne labarin, kuma da babban yatsa ɗaya zan kwantar da kai, don haka zauna ka ji.

Ina shirin fita sai ga Inna Ladi da ƙullin kuka da daddawa. Ta ce, "Sale, ka kai wa Garba. Ka ce masa ni ba sa nake nema ba, shi nake nema."

Ku ba ku san Garba ɗan Inna Ladi ba, kuna goye ya bar garin nan. Shi ya fara ɗaura min zare a hannu, shi ya koya min tsayuwar dambe, Maigida nake ce masa har gobe. Lokacin tafiyarsa Inna Ladi ta sayar da san huɗarta ta ba shi jari, ya ce da biyu zai dawo mata. Ya sari albasa zuwa Kasuwar Rilif ta Anaca, mota ta lalace a hanya, ruwa ya yi ta dukan kaya, albasa ta isa kasuwa tana tsiro. Tun daga nan ya rantse ba zai tako garin nan hannu wofi ba. Yana kiranta a waya, ta ce ya dawo, ya ce ya kusa. Shekara da shekaru yana kusa.

Na same shi a Fatakwal, unguwar Borokiri, bakin ruwa, a wani ɗaki da aka kama da sunan mutum biyu. Mu nawa ne a ciki, wannan tsakaninmu da Allah. Na ba shi saƙon, ya shinshina daddawar, ya ce, "Ta tsufa?" Na ce ta ɗan tsufa. Ya rataye ƙullin a ƙusa, ya ce in zo in ci abinci.

Mai gidan wata mata ce, Madam muke ce mata, ba ta shiga ɗaki, takalma take dubawa a bakin ƙofa. Muka gane, muka riƙa shiga da takalmanmu. Sai ta koma kan butoci.

Ta ce, "Aboki, hau meni una de?" Wato mu nawa ne.

Maigida ya ce, "Tu, Madam."

"Tu? Mutum biyu da wannan butocin duka?"

Ya ce, "Madam, muna son tsafta."

Ta ƙara kuɗin ruwa ta tafi.

Ni aikina ɗaukar nama daga mayanka da sassafe, tunda sana'ar gida ce. Shi kuma baro yake turawa, ranar Laraba ya tafi Kasuwar Oyil Mil, wadda na daɗe ina neman inda ake matsar man ban gani ba. Da azahar duk mun tashi. Kuma garin nan ruwa ne, ba ya sallama ba ya bankwana, ka shanya riga Litinin ka sa ta Juma'a da danshi. Fakewar ruwa ce ta fara shigar da Maigida shagon Oga Boma, tun kafin in zo. Gem senta suke cewa, wurin buga irin wasan nan naka. Talabijin ne jere, da benci, da janareto mai tari, da samari suna ihu kamar ana rabon gado.

Ƙa'idar shagon, wanda aka buge shi ke biya. Da na je, Maigida ya manta rabon da ya biya.

Abin latsawar, fad ake ce masa. Kowa ya zaɓi ɗan dambensa a talabijin, a sama akwai wani zare mai launi, shi ne laif, wato ranka, ana dukanka yana raguwa. Akwai agogo a tsakiya. Su raun suke cewa, mu muka ce turmi. In ka jera wa mutum duka bai samu ya sauko ƙasa ba, wannan kombo ne. Samarin can sun haddace kombo kamar karatu, amma ba su da haƙuri, kowa so yake ya fara kai hannu. Mu kuwa an raine mu a kan jira. Ka tsaya, ka auna tazara, ka bar mutum ya miƙo hannu ya yi wofi, sannan ka shiga. Maigida wani ƙaton tsoho mai sanƙo yake ɗauka. Ni na ɗauki wani siriri mai jan wando, don ya yi kama da ni.

Abu ɗaya Oga Boma ya kasa ganewa. Kullum sai ya ce mu kara da juna, mu ce a'a. Ya ce kyauta, ba biya. Mu ce a'a. Kun dai sani, 'yan ɓangare ɗaya ba sa shiga fili da juna, balle yaro da wanda ya ɗaura masa zare. Muka yi masa bayani da Turancin da muke da shi, ya ce, "Na gem, no bi fait," wato wasa ne, ba faɗa ba. Muka ce mun ji.

Amma ba sai mun kara ba kowa ya san inda aka kwana. Yatsun Maigida baro ya busar da su. Wanda duk ya ba shi wahala, in na karɓi fad turmi biyu nake gamawa da shi. Ya sani, na sani, ba wanda ya taɓa furtawa.

Wata rana Oga Boma ya zo da labarin tonamen. Gasa ce, a tace mutane a Anaca, a ƙare a Inugu. Na ɗaya, kuɗinsa za su sayi shanun huɗa biyu har da amalanke da canji, sannan a ɗora shi a jirgi zuwa waje, inda ake zuba dala a kan wannan latse-latsen. Na biyu ma yana da rabo mai kauri. Oga Boma ya ce zai biya mana mota da rajista, mu sa riga mai sunan shagonsa, in an ci a ba shi kasonsa. Maigida ya ce, "Nawa sa yake yanzu a gida?" Na faɗa masa. Ya ce a kawo rigar.

A Anaca rukuni daban aka sa mu, kowa ya wuce abinsa. Muka sauka wurin 'yan albasa a Rilif, wani dattijo da ya san Maigida tun zamanin asararsa ya tambaye mu abin da ya kawo mu. Muka ce gasa. Ya ce ta karatu? Muka ce ta dambe. Ya dubi hannunmu bai ga zare ba, ya ce Allah ya kyauta.

Inugu kuwa wani babban zaure ne mai sanyin na'ura, sanyin da sai da na sa rigar Oga Boma a kan tawa. Allo ya kai bangon masallacin Juma'a. Akwai masu surutu biyu da abin magana a baki, ba sa numfashi, ga kamara a kan fuskar kowane ɗan wasa, ana watsawa duniya kai tsaye. Yaran can kowa da sunan yaƙi, da jakar fad ta musamman, wani har hoda yake shafa wa yatsu. Aka tambaye ni sunan da za a rubuta, na ce Sale. Aka ce na wasa fa? Na ce shi ne na wasan.

Muka yi ta share mutane. Wani ɗan jami'a mai gilashi, sai da Maigida ya buge shi, aka ce ai yana da rai na biyu a wani layi, ya zagayo ya faɗo hannuna, ni ma na buge shi. Yaron kirki, har hannu ya ba ni. La'asar na yi aka kira fainal. Na duba allo, sai ga Garba a hagu, Sale a dama.

Ni a raina ba wata matsala. Na je wurin alƙali, wani mai ƙaramin gemu da igiya a wuya, na gaishe shi da kyau, na ce kada a wahalar da jama'a, a ba Maigida na ɗaya, a ba ni na biyu, mu kama hanya da sauran rana.

Ya ce, "Una don arenj am?" Wato kun riga kun shirya abin?

Na ce, "Yes sa." Ai gaskiya ce, tun ina yaro aka shirya.

Ya dafe kai. Ya kira wani, wani ya kira wata mai takarda. Suka ce abin da na faɗa shi ne laifi mafi girma a wasan nan, haɗa baki ne. Na ce ban haɗa baki da kowa ba, ladabi ne. Suka ce don sun ga ban sani ba za su yi mana afuwa, amma mu hau mu yi wasa na gaskiya, in suka ga wasa-wasa duk mu biyun mun fita, ko sisi babu.

Na san abin da za ka ce, Nura. Me ya hana in yi kamar ina yi, in bari ya ci? To na gwada. Ana cewa fait na tura siririna gaba, hannu sake, na kai masa fuska har gida. Sai tsohon mai sanƙo ya ja da baya. Na ƙara matsawa, ya ƙara ja, har ya kai bango. Maigida bai dube ni ba, yana kallon allo ya ce, "Sale, sadaka za ka ba ni a gaban jama'a?"

Na ce, "Maigida, ka buga kawai."

"Ka taɓa ganin na bugi wanda bai tare ba?"

"Inna tana jira."

"Ka yi dambe. In na ci, na ci."

To ga inda abin yake. In na yi dambe, ni zan ci, kuma duniya na kallo. In na ci na miƙa masa kuɗin, ba zai karɓi kuɗin yaronsa ya kai wa uwarsa a matsayin guminsa ba, na san shi. Na ɗora yatsa a kan maɓalli. Wallahi na so in danna, ko sau ɗaya, ko zai ji zafi ya rama. Yatsan ya ƙi. Mutumin da ya tofa min addu'a a dunƙule ranar da na fara shiga fili, ban iya ba, ko a talabijin. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma ya kama ni, duk a lokaci ɗaya.

Sai muka tsaya. Tsoho na huci, siriri na rawar kafaɗa, agogo na tafiya. Masu surutu suka ce dabara ce, kowa na karantar kowa, har aka yi mana tafi. Agogo ya ƙare, rai cike, na'ura ta ce kunnen doki. Turmi na biyu tafi ya ragu. Ni kuma na ga tsayuwar ta yi yawa a gaban babba, na danna ƙasa, siririna ya durƙusa. Maigida ma ya durƙusar da nasa. Zaure ya ɗauki ihu, wani ya jefo robar ruwa. Alƙali ya zo ya tsaya a kanmu, ya ce, "Las chans," wato damar ƙarshe. Maigida ya ajiye fad a kan tebur a hankali, ya gyara masa zama. Na ajiye nawa kusa da shi.

Disikwalifai, wato an fitar da mu duka. Kalmar da na fi daɗewa ina koyo ke nan, kuma ita ce ban manta ba. Aka kira ɗan jami'a mai gilashi, yana cikin cin burodi, aka miƙa masa wani ƙaton kwali mai siffar cek. Shi ya hau jirgin.

Muka hau mota har muka wuce Aba. Maigida ya ce, "Kuɗin na biyun ma da ya sayi sa ɗaya." Na ce da ya saya. Ya ce, "To." Oga Boma ya karɓe rigunansa tun a tasha, ya ce daga yau ko mun ci ko ba mu ci ba sai mun biya.

Da damina ta matso na haɗa kayana. Na ce, "Maigida, mu tafi tare, kuɗin motar mutum biyu ina da shi." Ya ce in yi gaba, akwai wata gasar baɗi. Ya raka ni tasha, ya saya min burodi, ya koma wurin baronsa. Yana can har yanzu.

Na iso da yamma, ko wanka ban yi ba sai ga Inna Ladi da sanda. Ashe labari ya riga ni, jikokin maƙwabta sun ce mata an ga Garba a waya. Ta zauna a kan tabarma ta ce in nuna mata. Na nemo bidiyon na riƙe mata. Ba ta kalli tsoho mai sanƙo ba, ba ta kalli siriri ba. Can ƙasa a kusurwa akwai ɗan akwatin da kamara ke nuna fuskar mai wasa, bai fi kwalin ashana ba, nan ta kai idonta har hancinta na taɓa gilashi.

Ta ce, "Furfura ce wannan?"

Na ce, "Hasken wurin ne, Inna."

Ta ce, "Furfura ce."

Bidiyon ya ƙare, mutum biyu a tsaye ba abin da suka yi. Na miƙa hannu zan mayar da wayar aljihu, ta riƙe min hannun riga.

Ta ce, "Sake kunnawa."