Makullin Motar da Ruwa Ya Ci

A ɗakin jiran wani kamfanin motoci a unguwar Rusaifa da ke ƙasa mai tsarki, Sadisu direba ya wurgar da takardar inshora kan kujera, har dattijon da ke gefensa ya waiwayo.

"Lafiya, ɗana?"

"Ina lafiya, Baba! Mota zan ɗauka biyan wata-wata. Na yi inshora, wai in ƙara wata, wadda za ta cike ragowar bashin idan motar ta salwanta. Wallahi ko riyal ba zan ƙara ba! Shekara tara ina jigilar alhazai, ko madubi ban taɓa fasawa ba."

"Ni ma haka na faɗa musu, har da dukan tebur."

"To ka gani!"

"Na gani kuwa. A unguwar Kudai na ajiye tawa motar na shiga sallar la'asar, ruwa ya gangaro daga duwatsu ya tafi da ita. Inshora ta biya kuɗinta na tsohuwa, kamfani yana bina kuɗinta na sabuwa."

"Yanzu wata ka zo ɗauka?"

Dattijon ya kaɗa makulli.

"Waccan na zo biya. Saura wata sha huɗu."

Sadisu ya ja tsaki. "Ni dai ba mai cin gumina!"

Da aka kira lambarsa, sai ya ce na bayansa ya wuce, ya ɗauki takardar yana sake dubawa.