Yadda Husaina Ta Dawo daga Birmingham

Assalamu alaikum warahmatullah. Shugabar wannan taro, Dakta Shifa Uba. Malamanmu da iyayenmu. Likitoci da injiniyoyin da suka baro ayyukansu. Ɗalibanmu na jami'a. Baƙinmu da suka taso tun daga Birmingham. Da kuma yaranmu, waɗanda nake roƙo su ɗan ja baya daga teburan nan: barkanku da zuwa.

Ni ce Latifa Sha'aban, wadda ake tsokana a unguwarmu ta Longsight a nan Manchester wai ta haukace a kan kwalabe. Na gode wa ƙungiyarmu da ta ba ni wannan ɗaki, na gode wa maigidana da ya haƙura da rabin falonsa. Wallahi yau farin cikina ya fi ƙarfin bakina!

Da farko, waɗannan da kuke gani tulunan fure ne na gilashi, waɗanda masu sana'a a Japan suka hura da bakinsu a shekarun 1950 da 1960. Ku dubi kaurinsu, ku dubi yadda ja ke kwance a cikin fari, ku dubi yadda haske ke shiga ya ƙi fita! Da yawa ana ɗaukarsu na Italiya ne, sai ka juya ka ga 'yar takardar nan mai ƙyalli da sunan Japan.

Na biyu, ba daga sama suka faɗo mini ba. Na bi shagunan gwanjo na Stockport Road, na bi kasuwar Gorton, na sha ruwan sama a car boot, kasuwar da ake sayar da tsofaffin kaya daga bayan mota, domin mai nema yana tare da samu. Iyayenmu mata sun yi jeren kwanuka a ɗakunansu, ni kuma wannan ne jerena.

Na uku, ku kalli jajayen nan guda biyu masu kama ɗaya. Ina kiransu Hassana da Husaina. Na daɗe da Hassana ita kaɗai kafin Allah ya haɗa ni da 'yar'uwarta. To, bara mahaifiyata, Umma, ta zo daga Kano. Aminiyata Hajiya Bilqis ta taso daga unguwar Balsall Heath ta Birmingham don gaishe ta. Ina kicin ina haɗa shayi, Hajiya ta kalli Husaina ta ce, "Kai, wannan tulu ya yi kyau!"

Kun san iyayenmu. Umma ta ce, "Kin yaba, 'yar nan? Ɗauki mana."

Hajiya ta ƙi, Umma ta rantse. Ina fitowa da tire na tarar an naɗe Husaina a zani. Na yi murmushi na ce a sauka lafiya, na koma kicin na sha kukana. In ce a dawo da ita, na kunyata mahaifiyata, na kuma ɓata da aminiyata. In yi shiru, jerena ya tashi da giɓi. Na zaɓi shiru, har jiya da nake shirya teburan nan gefen Hassana fili ne.

Ashe Umma, wadda ta dawo mana wannan watan, ta lura. Ashe ta kira Hajiya ta ce, "In za ki zo taro, taho da tulun nan in sake ganinsa." Ɗazu a bakin ƙofar nan Hajiya ta kwance zani, Umma ta ɗaga murya kowa na ji ta ce, "Kai, wannan tulu ya yi kyau!"

Hajiya ta fashe da dariya ta ce, "Kin yaba, Umma? Ɗauki mana."

Jama'a, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ba wanda ya roƙa, ba wanda ya ji kunya, ga Husaina kusa da 'yar'uwarta! Umma da hannunta ta ajiye ta, ta ce mini a hankali, "Na ji kukanki ranar nan, Latifa."

Allah ya saka wa iyayenmu da Aljanna, ya bar zumuncin Manchester da Birmingham, ya raya mana zuri'a, ya mai da kowa gida lafiya. Ku zagaya ku kalla son ranku. Roƙona ɗaya ne: duk wanda zai yaba, don Allah ya bari sai Umma ta fita alwala.

Na gode.